Sharhi: Sanƙarau, Zafin Borno Da Ma'aunin Masanin Kimiyya

Ga sharhinmu na yau daga nan Maiduguri.

Kusan kowace shekara wasu masana na Jami'ar Stanford ta Amurka, tare da kamfanin ɗab'i na Elsevier, sukan fitar da jerin masu binciken da aka fi ambaton ayyukansu a duniya. Da zarar jerin ya fito, sai shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp su cika da taya murna: wane ya shiga sahun kashi 2 cikin 100, wance ta wallafa maƙaloli kaza, an ambace ta sau kaza. Murnar tana bisa hanya, domin duk wanda ya san wahalar bincike a ƙasar nan ya san ba a samun irin wannan matsayi a kwance. Amma akwai tambayar da ya kamata ta biyo bayan murnar: wannan tarin rubutu, me ya canza a rayuwar mutumin Gwange ko Bulumkutu, ko makiyayin da ke bakin Tafkin Chadi?

Sharhin yau zai nemi amsar ne ta hanyar bin sawun cuta guda da kowa ya sani a Arewa, wato sanƙarau, da aikin wani malami da ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, Farfesa Idris Mohammed. Labarin zai nuna mana fannoni biyu na ilimi da ba sa rabuwa. Na farko ilimin garkuwar jiki, wanda ke nazarin yadda jiki ke gane cuta ya yaƙe ta. Na biyu reshen ilimin sinadarai da ke nazarin yadda ake ƙera abu ya yi ƙarko, ya jure zafi da danshi da doguwar tafiya. A fanni na farko mun yi mazaje. Na biyun kuwa mun bar wa wasu, kuma muna ji a jikinmu.

Sanƙarau ba baƙo ba ne. Idan hunturu ya ja baya, ƙura ta cika sararin sama, zafin bazara ya kankama, sai a fara jin labarinsa. Yaro ya kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin rana ta sake fitowa wani lokaci rai ya yi halinsa. Cikin waɗanda suka tsira akwai masu rasa ji har abada, akwai masu samun taɓuwar ƙwaƙwalwa. Da ruwan farko ya sauka sai annobar ta lafa. Tun a 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da cutar ta fi addaba. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha, kuma Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar da Chadi suna tsakiyarsa.

Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa annobar takan zauna a maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta kwantar da su ba, daga nan take yaɗuwa ta tari da numfashi, musamman a cunkushen ɗaki. Tana lulluɓe da wani kwanso na sinadarin sukari, kuma da bambancin wannan kwanso ake raba ta gida-gida: A, C, W, X, Y da sauransu. Nau'in A ne ya daɗe yana haddasa manyan annobai a yankinmu.

A ƙarshen shekarun 1960 wani masani a Amurka, Emil Gotschlich, ya yi nasarar tace wannan sukari ya mai da shi allurar rigakafi. Da aka kawo ta Nijeriya gwaji a farkon shekarun 1970, sakamakon bai yi daɗi ba. Bincike ya nuna laifin zafi ne. Sukarin nau'in A doguwar sarƙa ce, kamar carbi mai dogon zare. Idan yana haɗe, jiki na gane shi ya shirya masa. Idan zafi ya tsinka zaren ya warwatse gutsi-gutsi, jiki ba ya kula shi. Da aka kiyaye sanyi, gwaje-gwajen Masar da Sudan suka tabbatar allurar tana aiki. Daga baya masana sinadarai suka gano cewa busar da ita tare da sukarin madara na ƙara mata juriya. Ku lura, masu sauraro: tun ranar farko, abin da ya tsaya tsakanin ilimin garkuwar jiki da yaron Arewa shi ne zafin ƙasarmu, kuma masanin sinadarai ne ya buɗe hanya.

A waɗannan shekaru na 1970 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya zama cibiyar binciken sanƙarau da duniya ta sani, inda likitoci irin su Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi aiki. Cikin 'yan ƙasa da suka taso a wannan fage akwai Idris Mohammed, mutumin Gombe, likita kuma masanin garkuwar jiki. Tambayar da ya sa a gaba ita ce wadda kowace gwamnati ke buƙatar amsarta kafin ta kashe kuɗin jama'a: idan aka yi wa ɗimbin mutane allurar nan, shin annoba za ta tsaya? Ya bi diddigin gangamin rigakafi a tsohuwar Jihar Bauci, wadda a lokacin ta haɗa da Gombe, ya wallafa sakamakon a mujallar The Lancet ta Ingila a 1981. A 1984 shi da abokan aikinsa suka sake fitar da wani nazari, suka auna abin da ya rage na kariya a jinin mutane shekara huɗu bayan allura. Maƙaloli ne 'yan kaɗan, amma irin waɗanda ma'aikatar lafiya ke iya tsara aiki a kansu.

Daga baya aiki ya kawo shi nan Maiduguri, inda ya koyar da ɗaliban likitanci, ya kuma shugabanci asibitin koyarwa na jami'a. Sunansa na cikin waɗanda suka fara rubuta rahoton kimiyya kan cuta mai karya garkuwar jiki a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, tare da Abdulsalami Nasidi da Tekena Harry, a lokacin da mutane da yawa ke musun akwai ta.

Sai shekarar 1996 ta zo da annobar da dattawa ba za su manta ba. Farfesa Idris Mohammed ne ya jagoranci kwamitin Gwamnatin Tarayya na shawo kanta. Rahoton da shi da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000 ya ce mutum 109,580 suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu, aka yi wa sama da mutum miliyan 13 allura. A faɗin Afirka kuwa, tsakanin 1996 da 1997, sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka riga mu gidan gaskiya.

A tsakiyar wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su. Farfesa Idris Mohammed na cikin waɗanda suka tashi tun a lokacin suka nemi a nuna musu izinin gwajin, suka nemi a dakatar da shi. Kwamitin bincike na Gwamnatin Tarayya ya gama aikinsa a 2001 da hukuncin cewa gwajin ya saɓa ƙa'ida, a 2009 kuma kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Babu jerin sunayen masana da ke ƙidaya irin wannan tsayuwa, alhali tana daga cikin mafi nauyin abin da masani zai yi wa jama'arsa. Mun ga abin da rashin amana ya jawo: a 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano, ba a dawo da ita ba sai a 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Cikin dattawan da suka yi ta faɗi-tashin dawo da amincewar jama'a akwai ɗan garin nan, marigayi Farfesa Umaru Shehu, Allah ya jiƙansa.

Annobar 1996 ta fito da raunin tsohuwar allura fili. Ba ta kare yara 'yan ƙasa da shekara biyu yadda ya kamata. Ƙarfinta na dusashewa bayan kamar shekara uku. Ba ta kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa neman allura, kafin ta iso an binne dubbai. Masana garkuwar jiki sun san dalili: sukari shi kaɗai ba ya tayar da ƙwayoyin jinin da ke adana tarihin cuta don gaba. Idan aka ɗaure sukarin da wani furotin, sai waɗannan ƙwayoyi su shigo cikin aikin, jiki ya riƙe darasin shekara da shekaru, har da jikin jariri. Sanin dalilin aikin masanin garkuwar jiki ne. Ɗaurin kuwa, yadda zai kama, ya yi ƙarko, ya yi araha, aikin masanin sinadarai ne.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da irin wannan allura domin Afirka, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Jami'an lafiya na ƙasashen yankin suka ce muddin farashin kowace allura ya haura rabin dala, ba za su iya saye ba. Dabarar ɗaurin ta fito ne daga ɗakin gwaje-gwajen hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, kamfanin Serum Institute na Indiya kuma ya ƙera allurar, ya ɗaure sukarin nau'in A da furotin ɗin allurar tetanas. Aka sa mata suna MenAfriVac. A watan Disamba na 2010 aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi sahu a 2011.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga maƙwabtanmu. A yankunan da ke kewaye da Injamena, inda aka yi gangamin allurar a ƙarshen 2011, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da sassan Chadi da ba a yi ba. Binciken na cikin wani babban shiri na ƙasashe bakwai da ke auna yawan masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro, kuma cibiyar shirin ta Nijeriya ita ce Jami'ar Maiduguri. Ma'aikatanta sun shiga gidaje a cikin gari da Konduga suna ɗaukar samfuri, har rashin tsaro ya hana su kammala aikin yadda aka tsara. A 2012 kuma aka amince cewa wannan allura na iya yin kwana huɗu ba ƙanƙara a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ɗaukar akwatin sanyi a bayan babur zuwa ƙauye a watan Afrilu ya san darajar waɗannan kwana huɗu.

Nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankinmu, amma 'yan uwansa sun taso. Nau'in C ya afka wa Yamai a 2015, ya afka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, inda sama da mutum 1,000 suka rasu a Nijeriya. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a lokaci guda, bayan ɓarkewar cutar a jihohin da suka haɗa da Yobe da Jigawa da Bauci. Ita ma wannan allura da dabarar ɗaurin nan aka yi ta, ita ma a Indiya aka ƙera ta.

To masu sauraro, mu tsaya mu duba rabon aikin. Malamanmu sun ƙidaya marasa lafiya, sun gano nau'in ƙwayar, sun auna jini, sun jagoranci gangami, sun tsaya wa haƙƙin yara. Amma duk lokacin da aka zo kan ƙera abin da za a zuba a kwalba, sai mu koma 'yan jira. Ɗakin haɗa alluran rigakafi na Gwamnatin Tarayya da ke Yaba a Legas, wanda ya taɓa yin allurar shawara da ta agana, ya daina aiki tun 1991. Nahiyar Afirka gaba ɗaya tana ƙera kimanin kashi 1 ne cikin 100 na alluran da take amfani da su. Tarayyar Afirka ta sa burin kai wa kashi 60 nan da 2040. Wannan buri ba zai cika da likitoci kaɗai ba. Yana buƙatar mutanen da suka san yadda ake tace sinadari, a ɗaure shi, a busar da shi, a auna ƙarkonsa.

Ko a yaƙin shan inna haka abin yake. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwaje-gwaje biyu na ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su yana nan asibitin koyarwa na Maiduguri, ɗayan yana Ibadan. Farfesa Marycelin Baba, masaniyar ƙwayoyin cuta, ta yi shekaru tana jagorantar na Maiduguri a tsakiyar tashin hankali. A Jihar Borno aka ga yara na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta shanye wa gaɓoɓi a Nijeriya, a 2016. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ita, kuma shugabar kwamitin da ya tabbatar da haka, Farfesa Rose Leke ta Kamaru, masaniyar garkuwar jiki ce. Amma ku tambayi matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin: kafin su buɗe kwalba sai sun duba wani ɗan tambari mai murabba'i a cikin da'ira. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya lalata maganin, sai a jefar. Wani sinadari ne mai canza launi gwargwadon zafin da ya sha, an fara liƙa shi a kwalaben maganin shan inna tun 1996. Wannan ɗan tambari ya ba ma'aikaciyar da ke Monguno ikon yanke hukuncin da a da sai ɗakin gwaji.

Wajibi ne mu yi wa malamanmu na Maiduguri adalci. Jami'ar da aka kafa a 1975 ta ci gaba da aiki a mafi yawan shekarun rikici. A watan Janairu na 2017 bam ya tashi a masallacin jami'ar, ya yi ajalin Farfesa Aliyu Mani na fannin likitancin dabbobi. A 2021 aka lalata turakun lantarkin da ke kawo wa birnin wuta, aka shafe watanni cikin duhu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa ya lalata na'urori masu tsada. Wanda ya fitar da ingantacciyar maƙala guda a cikin wannan hali, bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da wanda firjinsa bai taɓa mutuwa ba. Kuma wannan hali shi kansa hujja ce: babu garin da ya fi Maiduguri buƙatar maganin da ke jure zafi, da na'urar gwajin da ba ta dogara da lantarki, saboda haka babu inda ya fi cancanta a yi binciken su.

Kayan farawa ma muna da su. Borno da Yobe da Jigawa na cikin manyan masu samar da ƙaro a ƙasar nan, kuma masana'antun abinci da magunguna na duniya suna sayensa domin yana hana haɗi rabuwa da lalacewa. Muna sayar da shi ɗanye a buhu, ya dawo mana a cikin kwalba da tsada. Muna da kanwa a yankin tafki, muna da laka iri-iri. Ba ana cewa ƙaro magani ne na sanƙarau ba. Ana cewa ne ga albarkatun da ya kamata ɗalibin sashen sinadarai da na haɗa magunguna da na garkuwar jiki su zauna a kansu tare, a ɗaki guda, da tambaya guda, su gwada su gani.

Don haka kiranmu na farko ga majalisun jami'o'i da kwamitocin ƙarin girma ne. Ƙidayar maƙaloli tana da amfani, a ci gaba da yi. Amma tsarin da ya dogara da ita kaɗai shi ke tura matasan malamai ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai, shi ke sa a tsaga bincike guda gida biyar. A riƙa tambaya: wace hukuma ta canza tsarinta saboda wannan aiki? Wane ɗalibi aka horar? Wane abu aka ƙera? A kuma daraja aikin haɗin gwiwa tsakanin sassa, maimakon a rage wa malami maki don sunaye sun yi yawa a kan takarda.

Kira na biyu ga Asusun TETFund da Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, wadda hedkwatarta ke nan Maiduguri, da gwamnatocin jihohin yankin. Gini ba ya bincike. A samar da ɗakin gwaje-gwaje na haɗaka mai wutar sola da ba ta yankewa, da na'urorin auna sinadarai, da ƙwararrun da za su gyara su idan sun lalace, da kuɗin aiki na shekaru masu yawa. Attajiranmu ma su sani cewa ɗaukar nauyin mai bincike sadaka ce mai gudana.

Kira na uku ga ɗalibai. Wanda bai samu gurbin likitanci ba aka tura shi sashen sinadarai, kada ya ɗauka an yar da shi. Allurar da ta karya lagon sanƙarau nau'in A ta bi ta hannun irinsa kafin ta kai hannun likita.

Kira na ƙarshe gare ku ne, iyaye. Duk wannan wahala ta masana, daga Zariya da Bauci zuwa Maiduguri da Injamena, ba ta da amfani idan allurar ta iso unguwa aka rufe mata ƙofa. Ku kai yara rigakafi a kan lokaci. Ku rage cunkoso a ɗakin kwana, ku buɗe tagogi a lokacin zafi. Idan kuka ga zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada ku jira gari ya waye, ku garzaya asibiti mafi kusa.

Sharhin ke nan na yau. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Mu kasance lafiya.